Wurno, Rabah da Goronyo da yara a mota: ki fara tsara dawowa kafin ki tsara fita

Hutun makaranta na ƙarshen shekara yana zuwa daidai lokacin da ƙasar Sakkwato ta fi daɗin shiga. Ruwa ya ɗauke, zafi ya yi sauƙi, fadama ta fara kore da albasa da tafarnuwa. A irin wannan lokaci ne iyalai kan ce bari a kai yara ziyara, su ga Hubbaren Bello a Wurno, su taka garin Sardauna a Rabah, in hali ya yi su leƙa madatsar ruwa ta Goronyo. Niyya ce mai kyau. Yaron da ya tsaya a bakin tudun Wurno ya hangi kwarin Rima da idonsa, darasin tarihi ya daina zama masa hadda.

Sai dai gabashin Sakkwato ba a shigarsa da ka. Akwai hawa da gangara, akwai kwazazzabai da ruwa ke ci duk damina, ga kuma matsalar tsaro da kowa ya sani. Maigida zai nemo mota, ya zuba mai. Amma sanin yaron da ke amai a mota, da wanda ke shan magani ƙarfe biyu, da sa'ar da jaririya ke fara rigima, duk a hannunki yake. Saboda haka ki sa baki a tsara hanya tun daga farko. Shawarar kuwa guda ce: ki fara yanke lokacin da za ku shigo gida, sannan ki lissafo baya har zuwa lokacin tashi. Duk abin da bai shiga tsakanin lokutan nan biyu ba, a bar shi sai wata rana.

Motar da za ta zama gida na yini guda

A Turai da Amurka akwai wata irin mota da ake ƙerawa da gado da kicin da banɗaki a ciki, iyali su yi makonni suna yawo cikin duwatsu da ita. Masu tuƙa ta ba sa fita sai sun amsa tambaya huɗu: nauyin me muka ɗauka, yaya hawa da gangarar hanyar suke, ina za mu sami ruwa da mai, ina dare zai same mu?

Mu a nan Sienna muke da ita, ko Sharon, ko bas ɗin Hiace da aka ɗauko shata. Ke ce za ki mayar da ita gida da tabarma da kula da jarka da buta da fo ɗin yaro. Tambayoyin nan huɗu kuwa suna nan daram, har ma ta ƙarshen ta fi nauyi a wajenmu. Amsarta a wannan tafiya ita ce: dare ya same ku a cikin birnin Sakkwato. Sai fa idan kuna da dangi na jini a ɗaya daga cikin garuruwan, su da kansu kuma suka ce ku kwana.

Wajen zaɓen direba, ki fifita wanda ke bin hanyar nan a kai a kai a kan wanda motarsa ta fi sheƙi. Direban da ya san ramin da ke bayan kowace kwana, kuma 'yan tasha suka san shi da suna, ya fi sabuwar kujera amfani.

Yadda ƙasar take

Kada ki zaci manyan duwatsu irin na Filato ko Mambila. Tudun wannan yanki shimfiɗaɗɗe ne, samansa marmara ce ja da tsakuwa, sai ya tafi a miƙe kamar faifai, can kuma ya yanke ya gangara fadama. Koguna biyu ne suka sassaƙa shi. Gulbin Rima yana gangarowa daga arewa maso gabas, ya bi ta Goronyo da gefen Wurno. Gulbin Sakkwato kuma yana tasowa daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya wuce madatsar Bakolori, ya bi ta Rabah. Su biyun suna haɗuwa a kusa da birnin Sakkwato. Tafiyarku duka a kan tudun da ke tsakaninsu take da kuma gangarensa.

Idan kun fito daga Sakkwato kuka miƙi titin da ke zuwa Achida, Rabah tana hannun dama, kimanin kilomita 30 da 'yan kai daga birni. Wurno tana hannun hagu, ta arewa da Achida, kusan kilomita 40. Goronyo ce a can gaba, bayan mararrabar Marnona, kuma ita ma ba ta kai kilomita 100 ba. A wayarki za ki ga kamar ko'ina tafiyar awa ɗaya ce ko awa ɗaya da rabi. Taswirar waya ba ta lissafa shingen bincike, da garken shanu da ke tsallaka titi, da ranar kasuwa, da yaron da zai ce fitsari.

Ga wani abu da za ki ba yara labari a hanya. Masana ilimin duwatsu sun ce fiye da shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki. Har yau a littattafansu akwai shimfiɗar dutse da ake kira da sunan Wurno, da wata mai sunan Taloka da ke ƙasar Goronyo. A cikin duwatsun yankin an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa, dangin ƙadangare mai dogon baki kamar na kada, wadda masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972. Ki ce wa ɗanki sunan Goronyo yana cikin littattafan kimiyya na duniya, ki ga yadda zai manne da tagar mota.

Wurno: garin da aka gina don tsaro

In guri ɗaya kawai za ku iya zuwa, ku zaɓi Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, shi ya mayar da ita ribaɗi, wato garin dakaru da malamai da ke tsare iyaka daga harin da kan zo ta ɓangaren Gobir. Da kin isa za ki gane dalilin zaɓen wurin. Garin yana kan tudu, fadama tana ƙasa, mai zuwa daga nesa ba ya ɓuya. A nan Bello ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake, mutane na zuwa ziyara daga nesa da kusa.

Bayan Bello ma Wurno ta ci gaba da zama mazaunin sarakuna. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a nan ya fi zama. A zamaninsa ne Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, da aka sani da Abdulkarim, ya sauka a garin a 1853, ya yi makonni kafin ya wuce yamma. Hakimin garin kuwa Sarkin Sudan ake ce masa.

'Ya'yanki mata suna da nasu rabon a wannan tarihi. Nana Asma'u, ƙanwar Bello, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jaji, wato dattijuwar da aka naɗa aka ba ta malfa, kan jagoranci ayarin mata daga ƙauyuka su tafi neman karatu a ƙafa, su koma su koyar da na gida. Mata sun daɗe suna tsara tafiya a wannan ƙasa, kuma a ayari suke yin ta, da jagora, da sanin inda za a yada zango.

A hubbare a shiga da ladabi: sutura cikakkiya, a cire takalmi inda aka ce, a rage murya, a nemi izini kafin ɗaukar hoto. Ki tanadi canji na sadaka a jaka daban don kada ki riƙa buɗe babbar jaka a cikin taro. Bayan ziyara, ku sami gefen tudu inda ake hango fadama. Da rani za ku ga noman ban-ruwa: shinkafa, alkama, albasa, da tafarnuwar da Wurno ta yi suna da ita. Ki riƙe hannun ƙananan yara a wurin, domin bakin marmara yana zubewa ba tare da sallama ba.

Rabah: inda aka yanke cibiyar Sardauna

Rabah tana bakin Gulbin Sakkwato. A nan aka haifi Sir Ahmadu Bello a 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, kakansa Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, wanda ya yi sarauta daga 1873 zuwa 1877, shi kuma ɗan Muhammadu Bello ne. Kin ga ke nan igiya ɗaya ce ta ɗaure Wurno da Rabah: kaka na kwance a can, tattaɓa-kunne ya tashi a nan.

Ahmadu Bello ya zama hakimin Rabah a 1934, aka naɗa shi Sardauna a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, ya kafa jami'ar Zariya da ke ɗauke da sunansa a 1962, aka kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966. Yaranki sun san fuskarsa a jikin naira 200. Ki ciro takardar a bakin gulbi ki nuna musu, ki ce daga ƙaramin garin nan mai wannan rawani ya fito. Yaron da ke ganin sai ɗan babban birni ne ke zama wani abu, wannan kaɗai ya ishe shi darasi.

Ziyarar Rabah gajeriya ce, awa ɗaya ko biyu ta isa. Ku tsaya a cikin garin. Kada a ce tunda an zo bari a zarce ƙauyukan da ke gabas, ta wajen Gandi. Wancan ɓangaren ya sha fama da hare-hare, kuma ba wurin yawon buɗe ido ba ne a yanzu.

Goronyo: ruwa a tsakiyar fako

Madatsar Goronyo tana kan Gulbin Rima. An kammala gina ta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Da ƙasa da yashi aka gina bangonta, tsayinsa mita 21, tsawonsa duka kilomita 12.5, kuma tana iya riƙe ruwa sama da mita kubik miliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. Daga nan ake sakin ruwan da manoman rani ke dogaro da shi, da wanda ke isa matatar ruwan birnin Sakkwato. Yaron da ya saba buɗe famfo a Mabera ko Runjin Sambo zai ga inda ruwan ya fito.

Ruwan nan yana da fuska biyu. A watan Satumban 2010 ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, ta karya gadar da ke kaiwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A watan Agustan 2025 kuma wani kwalekwale ɗauke da mutum sama da 50 ya kife a hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Don haka ki kafa doka tun a gida: ba mai shiga kwalekwale, ba mai wanka, ba mai tsoma ƙafa. Ko ruwan ya kwanta lumui, ruwan madatsa da na magudanan ban-ruwa yana ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata, bayan makonni ki ga yaro na fitsarin jini.

Madatsa wuri ne na gwamnati mai masu gadi. A yi sallama a ƙofa, a faɗi abin da ya kawo ku, a tsaya inda aka nuna. Kasuwar Goronyo ranar Lahadi take ci. Ranar akwai cunkoson motoci da babura da dabbobi, saboda haka da ƙananan yara gara wata ranar.

Maganar da ba a so, amma dole a yi ta

'Yar'uwa, mu faɗa wa juna gaskiya. A watan Yulin 2018 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a ƙauyen Tabanni da ke ƙaramar hukumar Rabah. A watan Oktoban 2021 an kai hari kasuwar Goronyo, sama da mutum 40 suka rasu. A shekarar ce gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, wadda ta ratsa dajin Gundumi, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi da dama. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mutanen garuruwan nan suna nan suna noma, suna kasuwa, suna aurar da 'ya'ya, motoci na shiga suna fita kullum. Amma hali yana canzawa daga mako zuwa mako, kuma labarin watan jiya ba ya yi miki amfani yau.

Don haka a yi tambaya sau uku. Ta farko mako guda kafin tafiya, a wajen wani da ke zaune a garin da za ku. Ta biyu daren jajibiri, a wajen mutumin nan dai. Ta uku da safen ranar, a tasha, a bakin direbobin da suka shigo daga can. Matambayi ba ya ɓata. Idan ɗaya daga cikin ukun ya yi jim kafin ya amsa, ko ya ce "to, sai dai addu'a", ki ɗauka ya ce a'a.

A kan hanya kuma ga abin lura. Ku bi babban titi kawai, ko da waya ta nuna wata gajeriyar hanya ta cikin daji. A mararrabar Marnona a tabbatar an ɗauki hannun Goronyo. In kuka ga motocin da ke zuwa daga gaba sun ɗauke ɗif na tsawon lokaci, ku tsaya a gari na kusa ku tambaya. Kada a sa hoto a WhatsApp ko Facebook ana cewa ga mu a wuri kaza, a bari sai an dawo. Gwala-gwalai su zauna a gida. Mutum ɗaya a birni ya san lambar motarku da sunan direba da lokacin dawowarku, ku riƙa kiransa a duk garin da kuka isa. Ki rubuta lambobin waya masu muhimmanci a takarda, har da 112 ta neman agajin gaggawa da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, domin caji na ƙarewa, sabis kuma na ɗaukewa a cikin kwari.

Lissafin lokaci, daga baya zuwa gaba

A watan Disamba rana tana faɗuwa a Sakkwato da misalin ƙarfe 6 da kwata. Kada ki yi lissafi da wannan. Ki sa a ranki La'asar a cikin birni za ku yi ta, wato ƙarfe 4 kun shigo. Awa biyun da suka rage na faci ne da lalacewar mota. In ba a buƙace su ba, alhamdu lillahi.

Da safe kuma kada a yi sammakon asuba. A bari gari ya waye sosai, motocin haya su fara zirga-zirga, labarin dare ya iso tasha. Ƙarfe 8 ya yi. Kin ga awa 8 ke nan a hannunki, a ciki za a yi tuƙi, da ziyara, da sallar Azahar, da cin abinci.

Awa 8 ba ta ɗaukar gari uku da yara. Ki raba tafiyar biyu. Rana ta farko Rabah da Wurno: ku isa Rabah wajen ƙarfe 9, ku bar ta kafin 11, ku yi Azahar a Wurno, ƙarfe 2 da rabi kun kama hanyar gida. Rana ta biyu Goronyo ita kaɗai, kuma sai in tambayoyin nan uku sun fito fes: ku isa da hantsi, ƙarfe 1 kun juyo. In kuwa dole sai an haɗa Goronyo da Wurno a rana ɗaya, a fara da mai nisa, ta yadda duk sa'ar da rana ta ƙara karkata kuna ƙara kusantar gida.

Wajen zaɓen wata, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, yara da inji duk suna galabaita. Daga Yuli zuwa Satumba kwazazzabai na cika, kwalbati na karyewa, laka na riƙe mota a fadama. Hunturu ma da nasa: ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango nesa, a kunna fitila a rage gudu, ko a ɗage tafiyar, musamman in akwai mai asma.

Abin da za ki tambayi direba

Ba sai kin iya tuƙi ba kafin ki yi waɗannan tambayoyi. Kwana biyu kafin tafiya mota ta je wajen bakanike a duba birki da man birki, da ruwan lagireto, da baƙin mai, da fambel. A duba tayoyi biyar, har da safaya, a tabbatar jak da sifana suna ciki. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tsohuwar taya, ko zanenta bai cinye ba, ita ke fashewa a kan kwalta mai zafi. A cika tanki a Sakkwato, kada a dogara da man galan na bakin hanya.

Kaya masu nauyi, kamar jarkar ruwa da buhun albasar da za ku sayo, a ƙasa ake sa su. In aka ɗora su a kan kariya, mota na rinjaya a kwana da gangara. Wajen sauka daga tudu direba ya sa ƙaramar giya, inji ya riƙe motar. In otomatik ce ya mayar da ita L ko 2. Wanda ya saki mota a furi don tsimin mai, ya dogara da birki kaɗai, birkin na yin zafi ya daina kamawa daidai lokacin da ake buƙatarsa. Wajen hawa kuma, in allurar zafi ta tashi, a kashe na'urar sanyi, a tsaya a fili, a jira inji ya huce. Kada kowa ya buɗe murfin lagireto da zafinsa, tururin na sale fuska.

Idan kuka tarar da ruwa na gudu a kan hanya, ko bayan damina ne, kada a gwada. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30, wato bai ma kai gwiwa ba, yana iya ɗaga ƙaramar mota. Ki ce a juya, ko da direba ya ce ya saba.

Yara 'yan ƙasa da shekara 12 a kujerar baya, kowa da bel. A danna makullin yara na ƙofofin baya. Kada a bar yaro a cikin mota a rufe ko na minti biyar, ko da barci yake.

Jakar uwa

Ruwa shi ne kan gaba: aƙalla lita 2 ga kowane mutum, da jarka daban ta alwala da ta lagireto. Abinci ki yi wanda ba ya saurin lalacewa kuma ba ya zuba: dambu, soyayyen nama, dafaffen ƙwai, ƙuli-ƙuli, dabino, lemo. Fura da nono sai a cikin kula mai ƙanƙara. Yaron da ke amai a mota a ba shi abu kaɗan kafin tashi, ya zauna inda yake hango titi, a karɓe masa waya, ki ajiye leda da tsumma kusa.

A ƙaramar jaka ki sa farasitamol na yara, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti da ake damawa a lita 1 ta ruwa mai tsabta, da auduga da filasta, da man shafawa saboda hunturu, da duk maganin da wani ke sha kullum. Ki ƙara rigar sanyi, kayan canji ɗaya ga kowane yaro, tocila, fawa banki, da tsabar kuɗi a rarrabe wuri biyu, domin na'urar POS ba ta aiki in sabis ya ɗauke. Da kun shiga gari ki tambayi inda babban asibitinsa yake. Abin da ya fi ƙarfinsu, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru duk a Sakkwato suke, wani dalilin ke nan na kada ku yi nisa da yamma. Mai tsohon ciki da jaririn da bai yi arba'in ba, a bar su a gida.

Idan aka fasa

Wuyar abin a nan take. An dafa abinci, an biya kafin alƙalami, yara sun yi kwalliya tun asuba, sai labari ya zo ba daɗi. Maigida na iya cewa ai an riga an shirya. Ki tsaya da ladabi a kan cewa yau ba za a je ba. Kuɗin shata ana mayar da shi, kuma Wurno ta kusa shekara 200 a kan tudunta, za ta jira ku.

Don kada ranar ta tashi a banza, ki tanadi tsari na biyu tun farko, ki kuma gaya wa yara da shi. A cikin birnin akwai Hubbaren Shehu, inda Nana Asma'u ma take kwance kusa da mahaifinta. Akwai fadar Sarkin Musulmi da masallacin Shehu da na Bello. Akwai gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, mai tsofaffin rubuce-rubuce da kayan yaƙi da na sarauta. Labarin Bello da na Sardauna da na ƙatuwar dabbar Goronyo duk za ki iya ba su a can, a kan tabarmar da kika riga kika naɗe.

Ranar da hanya ta yi kyau kuwa, ku yi addu'ar tafiya, ku fita ƙarfe 8. Ki sa ƙararrawar waya ta buga ƙarfe 2 da rabi. Da ta buga, ko hira ta yi daɗi, ko mai tafarnuwa bai gama awo ba, ki ƙirga kawunan yara a shiga mota. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya kuma zaunar da gabashin Sakkwato da ƙasarmu baki ɗaya lafiya.